Yadda Ake Kafa Komin Shuke-Shuke Masu Daɗewa a Tsakar Gida, da Aikin da Kowane Lokaci Yake Bukata

A yawancin gidajenmu shukar tsakar gida ta damina ce kawai. Ruwa na sauka a watsa alayyafo da rama da yakuwa a bayan ɗaki, a ci wata uku, kaka na yi wurin ya koma fili, kaji su dawo suna birgima a kai. Alhali akwai shuke-shuken da ba sa mutuwa don ruwa ya ɗauke: zogale, shuwaka, lalle, ɗaiɗoya, na'ana'a, ciyawar shayi mai ƙamshin lemo, alobera, gwanda da ƙananan barkono. Sau ɗaya ake dasa su, su yi shekaru ana ci, muddin an san abin da kowane lokaci yake nema. Abu biyu ne suka fi kashe su a ƙasar Hausa: ruwan da ya kwanta a gindinsu a watan Agusta, da ƙasar da aka bari tsirara a watan Afrilu.

Bayanin nan an yi shi ne da yanayi irin na Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram, inda damina ke kankama daga Yuni zuwa Satumba, zafin bazara kuma yakan haura digiri 40. Wanda ke Jos ko Abuja ruwansa ya fi yawa kuma ya fi jimawa, sai ya ƙara kula da hanyar ruwa, ya rage ban ruwa.

Wurin da za a kafa komin

Komi, wato ɗan filin shuka da aka gyara aka zagaye, a nema masa inda ranar safe ke bugawa har zuwa azahar, inuwar ɗaki ko ta katanga ta rufe shi da la'asar. Awa 5 zuwa 6 na rana sun wadatar. Ranar yamma a bazara ita ke ƙone ganye, don haka gindin katangar da ke fuskantar yamma shi ne wuri mafi muni, sumuntin yakan riƙe zafi ya yi ta huro shi har dare.

A nisanci bakin indararo, domin ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya isa ya tone saiwa. A bar tazarar mita 1 tsakanin komin da katangar ƙasa, in ba haka ba ban ruwan yau da gobe zai ci gindinta. A nisanci shadda da kwatar wanka. Kar kuma a kafa shi ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro: saiwarsu na jin danshi za ta biyo shi, cikin shekara guda ta mamaye komin ta shanye ruwan da takin.

Kafin a ɗaga fartanya a gwada ƙasar. A haƙa rami mai zurfin santimita 40, a cika shi da ruwa, a bari ya tsotse, a sake cikawa. In na biyun ya ɓace kafin awa 1, jigawa ce, taki mai yawa take so don ta riƙe danshi. In bayan awa 6 akwai sauran ruwa, laka ce ko kuma akwai marmara a ƙasa, dole a ɗaga komin sosai, a fasa marmarar da diga in ta yiwu.

Bazarar farko: gyaran ƙasa

Wannan aiki na watan Afrilu ne zuwa farkon Mayu, kafin ruwa ya sauka. Faɗin komin kar ya wuce mita 1 da santimita 20, don hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ba. Ƙasar da ake takawa takan dunƙule, ruwa ya daina shiga. Tsawon mita 4 ya ishi gida mai matsakaicin iyali.

A jiƙa wurin da yamma, washegari a kafce shi zurfin santimita 40. Ƙasar sama mai duhu a tara ta gefe guda, ta ƙasa a sassauta ta kawai. A tsince ɓaraguzan bulo, leda, tsumma da fasassun kwalabe, tsakar gida ba ta rasa su. Sai a kawo ruɓaɓɓen taki, bokiti 1 mai lita 10 ga kowace murabba'in mita a ƙasa mai kyau, bokiti 2 a jigawa. Wato ga komin da aka ambata, tsakanin bokiti 5 zuwa 10. A cuɗa shi da ƙasar sama a mayar.

A nan mutane da yawa ke yin kuskure, su kwaso kashin kaji ko na awaki daga turke kai tsaye su zuba. Ɗanyen taki yana zafi yayin da yake ruɓewa, ya ƙone saiwa, ya kuma jawo gara. Takin da ya nuna baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba ya wari, in an cusa hannu cikin tulinsa ba a jin ɗumi. Wanda bai kai haka ba a tara shi a inuwa, a yayyafa ruwa, a rufe da tsohon buhu, a riƙa juya shi duk mako 2, cikin wata 2 zai nuna. In an ga gwazarma a ciki, fararen tsutsotsin nan masu kauri da ke naɗe jiki, a tsince su a watsa wa kaji. Toka kuwa, cikin gwangwanin madara 1 ga murabba'in mita ya isa, sau ɗaya a shekara. In ta yi yawa ƙasa takan koma kamar mai kanwa, sabon ganye ya riƙa fitowa rawaya.

Yanzu ga dabarar da ta fi kowace muhimmanci a ginin komin. Da damina ana so ruwa ya fice, da rani ana so ya tsaya, komi ɗaya kuma dole ya yi duka biyun. A ɗaga shi santimita 15 zuwa 20 sama da daɓen tsakar gida, a baje samansa, sannan a zagaye bakinsa da 'yar kunya mai tsayin yatsu huɗu, ko da ƙasa ko da jerin bulo. A kusurwar da ta fi gangara a bar 'yar ƙofa mai faɗin tafin hannu. Da damina a buɗe ta, ruwa na ɗaukewa a toshe. Bayan an gama a shayar da komin sosai sau 2 ko 3, a bar shi mako 2 ya zauna. Ciyawar da ta tsiro a cire ta.

Shinge kafin shuka, ba bayan shuka ba. Wayar kaji mai tsayin mita 1 da ɗoriya, ko zana mai kauri. Akuya ɗaya ta isa ta gama da zogalen wata uku kafin a idar da sallar la'asar.

Wa zai zauna ina

Dogaye a yamma, gajeru a gabas, don dogayen su tare wa sauran ranar yamma. A ƙarshen komin na yamma a sa zogale 2, tsakaninsu santimita 80. Bayan mita 1 a sa shuwaka 1, domin tana faɗi. A tsakiya ɗaiɗoya 2 da barkono 3, santimita 50 tsakanin kowanne. A gabas gindin ciyawar shayi 2, tsakaninsu santimita 60.

Guda huɗu ba a sa su cikin komin. Na'ana'a tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa ta shaƙe maƙwabta, sai a dasa ta a tsohuwar roba da aka huda gindinta, a ajiye a inuwar zogale. Alobera ba ta son yawan ruwan da sauran ke sha, a ba ta tukunya mai rabin yashi. Gwanda a yi mata tudunta daban, mita 2 daga komin. Lalle kuma a jera shi a matsayin shinge, santimita 50 tsakani, tunda in ya kama ba ya neman ruwa sosai.

Damina: dasawa

Kar ruwan farko ya ruɗi mutum. Sau da yawa yakan sauka a Mayu sannan a yi mako 2 ko 3 ba ɗigo. A jira sai an yi ruwa biyu ko uku a jere, an tona an ga danshi ya wuce tsawon tafin hannu. A Kano wannan yakan kama tsakiyar Yuni, a arewa da ita yakan kai farkon Yuli. Dashe da yamma ake yi, ko ranar da gari ya lumshe.

Zogale ya fi kyau daga iri. Reshen da aka kafa yakan fi saurin ba da ganye, amma ba ya yin doguwar saiwar nan mai nutsewa, iska na kayar da shi, gara kuma na son cin gindinsa. A jiƙa irin ya kwana, a sa ƙwaya 3 a rami, zurfin santimita 2 kacal. Yakan tsiro cikin kwana 5 zuwa 12. In ya kai tsawon taƙi a bar mafi ƙarfi, a yanke sauran da almakashi, kar a tuge don kada a girgiza saiwar wanda aka bari. Masu lambun zogale a Nijar suna yawan shuka wani iri da aka kawo daga Indiya mai suna PKM-1, yana saurin girma da yawan ganye, in an same shi ya dace da komin gida.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, zogale kuwa in aka ƙyale shi sai ya miƙe kamar sanda, ganyen ya koma can sama inda sai an sa gora. Da ya kai santimita 60 a tsinke kansa, kamar santimita 10. Bayan mako guda rassa za su fito a gefe. Kowanne in ya kai taƙi ɗaya a tsinke nasa kan. A maimaita haka sau 3. Abin da za a samu shi ne dunƙulallen itace mai rassa da yawa da bai wuce kafaɗar mutum ba, yarinya ma ta iya tsinko na kwaɗo. Wajen wata 3 za a fara ci.

Shuwaka da reshe ake dasa ta. A yanko wanda ya fara tauri, kaurin yatsa, tsawon santimita 30, mai gaɓa 4 ko 5. A zage ganyen, a kafa shi a karkace, gaɓa 2 a cikin ƙasa. A lura kar a kafa shi kai ƙasa: idon gaɓa sama yake kallo. Cikin mako 2 zuwa 3 zai tofo. A kafa 3 don in wani ya ƙi wani ya kama. Lalle ma haka ake yi masa, sai dai ya fi jinkiri. Ɗaiɗoya da na'ana'a kuwa, reshe mai tsawon yatsa biyu a kofin ruwa a bakin taga, cikin mako guda za a ga fararen saiwoyi, sai a dasa.

Ciyawar shayi daga tsohon gindi ake ɓantaro ta. A raba ƙwaya 3 masu saiwa, a datse ganyen ya rage santimita 20, a binne farin gindin kawai, a danne ƙasar da kyau. In aka bar dogon ganye, shi zai zuƙe ruwan jikinta kafin saiwa ta kama.

Gwanda tana da nata sha'ani. A ɗebi iri daga nunanniya mai daɗi, a murje ruwan da ya lulluɓe ƙwayar a cikin tsumma, domin yana hana tsiro, a shanya a inuwa kwana 3. A shuka a leda tun ƙarshen Afrilu, yakan tsiro cikin mako 2 zuwa 3. In ya kai santimita 20 a dasa 3 a kan tudun, a yanka ledar a zare ba tare da ƙasar ta warwatse ba, kar kuma a binne karan fiye da yadda yake a leda. Dalilin dasa 3 shi ne ba a gane namiji da mace sai sun yi fure, wajen wata 4 zuwa 6. Namiji furanninsa ƙanana ne da yawa a kan dogon sili mai reto. Mace furenta babba ne, ɗai-ɗai, manne da jikin karan. Akwai kuma mai haɗe da duka biyun, furenta dogo ne siriri, ita kaɗai ma tana 'ya'ya. A bar mai 'ya'ya ɗaya a sare sauran. In mace ce zalla, ana bukatar namiji a kusa, ko da a gidan maƙwabta ne.

Ƙananan dashe a rufe su da tsohon gidan sauro na mako 2, saboda ƙadangaru da kaji.

Marka

Agusta shi ne watan da komin ke cika ido, ganye ya yi shar, shi ne kuma watan da ake asara. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska a gaba, don haka a kafa wa gwanda turke tun kafin ta yi nauyi, a ɗaure da tsumma, ba da waya ba. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi a leƙa: in bayan awa 2 akwai ruwa kwance a komin, ƙofar ta toshe, a share ta. Gwanda da zogale in gindinsu ya kwana biyu cikin ruwa, saiwar takan ruɓe. Alamar ita ce ganye ya yanƙwane alhali ƙasa jiƙe take, ganyen ƙasa su yi rawaya su zube, gindin ya yi laushi in an danna. Mai ganin yanƙwanewa ya ƙara ruwa ya ƙarasa ta ke nan. Abin yi shi ne a buɗe wa ruwa hanya, a janye duk ciyawa da ganyen da suka taru a gindin, a bar iska ta shiga. Tukunyar alobera a matsar da ita ƙarƙashin rumfa har marka ta wuce.

Ruwa mai yawa yana wanke taki, musamman a jigawa. A tsakiyar Agusta a barbaɗa tafi 2 na ruɓaɓɓen taki a kewayen kowace shuka. Mai son ƙarawa da na zamani, cikin murfin kwalbar lemo 1 na kamfa (NPK), wajen giram 6, ya ishi shuka guda. A tona ɗan rami taƙi ɗaya daga gindin a binne, kar ya taɓa karan.

Ƙwari ma lokacinsu ne. Zogale na da wata 'yar tsutsa da ke cinye ganye ta bar jijiya kamar raga, ta saƙa zare tana naɗe ganyen. Darɓa na taruwa a sabon tohon barkono ganyen ya murɗe. Gwanda kuma wani farin ƙwaro mai kama da auduga ke manne mata a bayan ganye, in ka ga tururuwa na hawa da sauka to yana nan. Maganin da ya dace da abin da za a ci shi ne 'ya'yan darbejiya. A ɓare busassu, a daka ƙwayar, giram 500 a ruwa lita 10, a bari ta kwana, a tace da ƙyalle mai laushi, a narka ɗan sabulu kaɗan a ciki don ya kama ganye. A fesa da yamma, sama da bayan ganye, a maimaita bayan kwana 5 zuwa 7. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake yi, sai an yi haƙuri an maimaita. A yi amfani da shi ranar da aka tace, in ya kwana biyu ƙarfinsa ya tafi. In tsutsar ta riga ta cinye zogalen, a sare rassan a ƙone, zai sake tofowa. Fiya-fiya da ire-irensa ba su da wuri a ganyen da yara za su ci gobe, ko kaɗan ne.

Kaka

Ruwa na ɗaukewa, a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, a toshe ƙofar komin. Kar a jira sai shuka ta nuna ƙishi. Oktoba na da zafi, shukar da ta saba da ruwan sama kullum takan gigice, don haka a fara ban ruwa duk kwana 2.

Wannan ne lokacin tara guzuri. Ganye na da yawa, iska kuma ta fara bushewa, abin da ba a samu da damina inda shanya ke yin fumfuna. A yanko zogale da safe bayan raɓa ta bushe, a wanke, a zage, a baza shi siriri a kan tabarma mai tsabta a cikin ɗaki mai iska. Kwana 3 zuwa 4 zai bushe ƙayau yana kore. Wanda aka shanya a rana yakan koɗe ya rasa amfaninsa da yawa. A zuba a mazubi mai murfi a ajiye inda haske ba ya kai. Lalle ma yanzu ake yankansa, ganyen da ya ƙosa bayan ruwa ya ɗauke ya fi kamu a hannu fiye da ɗanyen tohon damina. A datse rassan, a shanya a inuwa, a kakkaɓe ganyen, a daka a tankaɗe, ga na bukukuwan da ke biyo bayan girbi.

A kuma yi tanadin abin rufe ƙasa tun yana arha: ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, busasshiyar ciyawar da ba ta yi 'ya'ya ba. Buhu 3 ko 4. Wanda ya bari sai Maris zai tarar masu dabbobi sun riga shi.

Hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu komin yakan yi sanyin jiki. Zogale ya yi rawaya ya zubar da ganye, bakin ciyawar shayi ya bushe, gwanda ta rage girma. Ba ciwo ba ne, sanyin dare ne, kar a ɗura musu taki ko ruwa don a tashe su. Ban ruwa duk kwana 3 da hantsi ya isa. Ƙura kan kwanta a ganye ta toshe shi, ta kuma jawo wasu mitsi-mitsin jajayen ƙwari da ke sa ganye ɗigo-ɗigon rawaya, saboda haka sau ɗaya a mako a watsa ruwa a wanke ganyen har bayansa. In iskar arewa maso gabas na bugun komin kai tsaye, a kafa zana a wannan gefen.

Na'ana'a kuwa yanzu take jin daɗi, ta cika roba, daidai lokacin da shayin safe ya fi shiga. Shuwaka takan fitar da fararen furanni da ƙudan zuma ke rububi. Zogale ma yakan yi fure, sai a bar reshe ɗaya ya yi 'ya'ya, in kwanson ya bushe ya yi ruwan ƙasa a tsinke kafin ya tsage, ga irin baɗi. Guraben da ke tsakanin shuke-shuken a cike su da latas ko albasa mai lawashi, tunda inuwar zogale ta ragu. Mai son fure don ado, ƙariya a wannan lokacin take fitar da jan furenta alhali ba ganye a jikinta, sai dai ruwan jikinta guba ne, ba a ajiye ta inda yara ko dabbobi ke kai wa.

A ƙarshen Fabrairu, sanyi na sakin gari, a sare zogale ɗaya da adda mai kaifi, a bar kututture santimita 60 zuwa mita 1, saran a karkace. A sa masa taki bokiti rabi. Cikin mako 3 zai tofo, ya ba da ɗanyen ganye a tsakiyar bazara, lokacin da ya fi wuya a kasuwa. Ɗayan a bar shi da rassansa don inuwa, a sare shi a Mayu. Wanda ba shi da tabbacin ruwa ya bar duka biyun sai Mayu, domin sabon toho ba ya jure ƙishi.

Bazara

Nan ake gane ko komin zai ga wata damina. A Afrilu ƙasar da ba a rufe ba takan yi zafin da ba a iya taka ta ba takalmi, saiwoyin sama su dahu, ruwan da aka zuba da safe ya ƙafe kafin azahar. Tun farkon Maris a shayar da komin sosai, sannan a shimfiɗa abin rufin da aka tanada, kaurin santimita 8 zuwa 10, a bar faɗin yatsu huɗu a kewayen kowane kara. A cusa hannu ƙarƙashinsa da tsakar rana a ji bambanci: sama na ƙuna, ƙasa da sanyi da danshi. Gara za ta zo ta ci busasshen abin, ba laifi, shi ta fi so, kuma ramukanta na shigar da ruwa. Abin tsoro shi ne rufin ya manne da karan shukar da ƙishi ya raunana. Haɗa rufin da ganyen darbejiya na rage garar.

Komi mai girman nan, in an rufe shi, yana shan lita 25 zuwa 40 a rana a tsananin zafi, wato jarka ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A zuba gaba ɗaya da yamma a gindin shuka, a hankali, ya nutse. Yayyafi kaɗan-kaɗan sau uku a rana ɓarna ce, saiwa takan taso sama neman ruwan, rana ta ƙone ta. Gwaji mai sauƙi: a cusa yatsa har gaɓa ta biyu, in ya fito da danshi a bari sai gobe. Ganyen da ya sunkuya da azahar ya miƙe da magariba lafiyarsa lau. Wanda aka wayi gari yana sunkuye shi ke jin ƙishi. Ruwan da ya wuni a tanki ko jarka cikin rana a bari ya huce tukuna.

Inda ruwa ke tsada a binne tulu. Na ƙasa, wanda ba a shafe shi da fenti ko sumunti ba, mai cin lita 10 ko fiye. A binne shi har wuya a tsakiyar barkono da ɗaiɗoya, a cika, a rufe bakin da murfi saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikinsa, shukar da ke cikin santimita 40 daga gare shi ta sha. Duk kwana 2 ko 3 a ƙara. Tulu 2 a komin na rage jigila ƙwarai.

Ruwan alwala, na wankin shinkafa da na ɗaurayar kayan miya duk a tara a bokiti a kai komin. Ruwan omo, na bilic da na wanke-wanke mai maiƙo ba a kai su, gishirin da ke ciki na taruwa ya kashe ƙasa. In aka ga farin ɓawo a saman ƙasa da bakin ganye na ƙonewa, gishiri ne, ko daga sabulu ko daga rijiyar kanta. A kankare ɓawon, a buɗe ƙofar komin, a kwarara ruwa mai kyau jarka 3 a lokaci guda ya wanke shi.

Na'ana'a da ɗaiɗoya su suka fi shan wuya. A yi musu 'yar rumfa da karan dawa, tsayin mita 1 da rabi, a jera karan da tazara don haske ya ratsa. In na'ana'a ta bushe ƙurmus kar a zubar, a aske ta daidai ƙasa a ci gaba da ba ta ruwa a inuwa, saiwar na da rai. Ba a sa takin zamani a bazara, ba a kuma yin sabon dashe. In Babbar Sallah ta matso aka ɗaure rago a tsakar gida, a auna igiyarsa a tabbatar ba ta kai shingen ba, domin har ɓawon zogale yake ɓarewa, itacen da aka zagaye ɓawonsa kuwa sai dai a sare shi ƙasa da raunin a jira toho.

Hadari na fara haɗuwa a Mayu a janye rufin gefe, a zuba sabon taki bokiti 5, a cuɗa shi da saman ƙasa da yatsu ko ƙaramar fartanya ba tare da an sari saiwa ba, a mayar da rufin siriri, a buɗe ƙofar ruwa. Shuwaka a datse ta zuwa gwiwa. Ciyawar shayi in ta shekara 2 tsakiyarta takan mutu, a tone gindin gaba ɗaya a raba, a mayar da na gefe masu ƙarfi. Barkono da ɗaiɗoya bayan shekara 2 ƙarfinsu na raguwa, a maye su da sababbi, a sauya musu gurbi. In an tuge tsohon barkono aka ga saiwarsa da ƙulle-ƙulle kamar carbi, akwai tsutsar ƙasa a wurin, a ƙone saiwar, a ba wa ciyawar shayi wannan gurbin. Gwanda kuma tun tana shekara 2 a shuka magajiyarta a leda, a yi mata sabon tudu a wani wuri, domin a shekara ta 3 tsohuwar za ta yi tsawon da ba a kai wa, 'ya'yanta su ƙanƙance.